Sunan da Na Bari a Kwamfutar Yaya Liman

Da sunan Allah nake farawa, Shi da babu abin da ke shige maSa duhu. Nafisa, Umar, da ku ƙannensu, wannan babi naku ne, ku karanta shi a natse. Na san abin da kuke ji a Rawayau duk lokacin da kuka je biki ko ta'aziyya. Na san ana nuna ku da baki, ana cewa ga 'ya'yan Sa'idu mai kwamfuta, wanda ya ci amanar kundin ubansa. Shekara tara ina jin wannan magana ina haɗiyewa, har haɗiyar ta zame mani ciwo. Ba tsoro ne ya hana ni magana ba, rantsuwa aka sa na yi. Yanzu Yaya Liman ya rasu, an yi sadakar arba'in, rantsuwar ta sauka daga wuyana. Zan faɗi abin da ya faru daki-daki, kuma wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci, nawa ya riga nasa.

Kakanku Malam, Allah Ya jiƙansa, ya bar mu mu uku: Yaya Liman babba, wanda ya gaje shi a limanci da makarantar zaure, sai ni, sai autarmu Hassu, Gwaggonku ta Karofi. Bai bar mana wata dukiya ba, amma ya bar kundi guda da ya rubuta da hannunsa cikin ajami. A ciki akwai waƙoƙinsa na wa'azi, da sunayen malaman da ya yi karatu a gabansu, sannan can wajen ƙarshe akwai wasiyyoyinsa ga kowannenmu. Malam yana da wata ɗabi'a a rubutu da duk gidanmu aka taso a kanta. In ya yi kuskure ba ya kankarewa, sai ya ja siririn layi a kai, ya rubuta daidai a gefe, yadda mai karatu zai ga na da, ya ga na yanzu. Amma ba ya sa suna a ƙarƙashin gyara, kuma bai yarda ɗalibinsa ya sa ba. Cewa yake wanda ya sa sunansa a jikin gyara so yake a ce ya iya, kuma aikin Allah ba ya son haka. Ku riƙe wannan ɗabi'a a ranku, don a kanta komai ya tashi.

Bayan rasuwarsa kundin ya zauna a hannun Yaya Liman, tunda shi ne babba. Wata damina na je gaishe da Inna, kakarku, na ce a ɗauko mani in duba wata waƙa, sai na ga gara ta fara ci daga gindi. Hankalina ya tashi. A lokacin ni ne mai kula da kwamfutoci a ofishinmu a Dutsin-Ma. Da keken rubutu na fara aiki, da aka kawo kwamfuta ban tsaya a buga wasiƙa ba, na dage da kaina na koyi rubuta manhaja da harshen da ake kira Python, ina da furfura a gemu. Na ce da Yaya ya ba ni aron kundin in juye shi zuwa boko kafin gara ta gama da mu. Ya ba ni na wata biyu, na buga shi kaf, na mayar masa. Sai dai ni ajamina na ɗan boko ne, akwai wuraren da hannun Malam ya fi ƙarfina. Dole Yaya ya bi abin da na buga yana gwadawa da kundin yana gyarawa. A nan ne dabara ta zo mani, dabarar da na ɗauka ita ce mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata.

Akwai wata manhaja da masu sana'armu ke aiki da ita, sunanta Git. Aikinta shi ne riƙe tarihin rubutu. Duk wanda ya taɓa ko da harafi ɗaya ne, za ta ajiye abin da ke wurin a da, da abin da aka mayar, da sunan wanda ya yi, da rana da sa'a. Da na fahimce ta sai na ce, kai, ai wannan siririn layin Malam ne aka sa a na'ura! Matsalar ita ce ba a sarrafa ta sai da rubuta umarni cikin Turanci, kuma Yaya Liman da yatsa biyu yake taɓa madanni. Sai na yanke in rubuta masa 'yar ƙaramar manhaja da Python, mai sauƙi: ya buɗe shafi, ya gyara, ya danna wurin da na rubuta "Ajiye", ita kuma ta kai gyaran cikin tarihi ba tare da ya sha wahala ba. To amma kafin Python ya yi magana da Git sai an saka wani mahaɗi a tsakaninsu. Ku da kuka ga masu noman rani a bakin dam kun san mahaɗin da ke haɗa tiyo da bakin injin ban ruwa. In girman bai zo daidai ba, ko ka ɗaure da roba goma ruwan a jikinka zai ƙare. Haka wannan yake. A ƙarƙashinsa akwai wani laburare, wato tarin umarni da wasu suka riga suka rubuta, kuma dole mahaɗin ya dace da shi daidai wa daida.

Sati uku cur na yi ina fama da saka wannan abu. Ina faɗa maku ne don ku san ba da wasa na shiga aikin ba, kuma mutumin da ke shirin cin amana ba ya kashe sati uku yana gina abin da zai tona shi. Da farko sabis ne ya hana. In na fara saukewa a gida sai ya yi nisa, ya kusa ƙarshe, ya yanke, in koma farko. Na riƙa ɗaukar laftof ina zuwa wani shagon buga takardu kusa da kasuwa bayan la'asar, inda sabis ya fi ƙarfi, in zauna a benci tsakanin masu jiran hoton fasfo. Da na samu ya sauka, na ba da umarnin sakawa, sai jan rubutu ya cika mani fuskar kwamfuta, wai bai ga laburaren ba. Na nemo laburaren, shi kuma ba a gama shi ba, sai ka harhaɗa shi da kanka daga tushe, kuma kayan harhaɗawar ma sai an sauke su. Ranar da na tara komai, aikin ya yi rabi aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya tsufa. Na sake washegari. Laburaren ya zauna lafiya, na koma kan mahaɗin, jan rubutun ya dawo, har ya fi na da tsawo. Uwarku ta kawo mani tuwo ranar ta tarar ina yi wa kwamfuta faɗa da babbar murya.

"Malam, da wa kake?" ta ce.

"Da wannan marar kunyar! Na ba shi abin da ya nema, ya ce bai gani ba."

"To ka ci tuwon tukuna, shi ai ba ya jin yunwa."

Sai a sati na uku na zauna na karanta jan rubutun layi-layi, maimakon in riƙa hararar sa. Ashe laifin nawa ne. Na ɗauko sabon zubin laburaren, ina ganin sabo ya fi, shi kuwa mahaɗin da ke hannuna da zubin da ya gabata aka yi shi ya yi aiki. Na cire sabon, na share duk ɓurɓushinsa, na sauke tsohon, na harhaɗa, na sake ba da umarni. Wata safiyar Asabar ce. Rubutu ya yi ta gudu, babu ja ko ɗaya, ya tsaya. Na buɗe Python na kira mahaɗin da sunansa, bai yi ƙorafi ba. Na yi kabbara da ƙarfi har uwarku ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta zaci wani abu ne ya same ni. Duk abin da na yi na rubuta shi a takarda, na maimaita a tsohuwar laftof ɗina da na yi niyyar ba Yaya, cikin yini ɗaya ta karɓa.

Asabar ta gaba na hau babur na bi ta Kurfi zuwa Rawayau, laftof a jaka a bayana, ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa gidanmu ruwan famfo. Na sami Yaya a zaure bayan ya sallami ɗalibai. Na nuna masa yadda zai buɗe, yadda zai gyara, yadda zai ajiye, da yadda zai yi caji da sola ta masallaci. Ya ji daɗi, har ya gyara wata kalma da na karanta ba daidai ba yana mani dariya. Saura abu ɗaya. Mahaɗin ba ya yarda ya ajiye gyara sai da sunan mai gyaran, kuma tunda ni na saka komai, sunana ne a wurin. Na ce zan cire nawa in sa nasa. Nan take fuskarsa ta canja.

"Sunana za ka sa a ina?"

"A jikin gyaranka, Yaya. Don a san wannan kai ka yi, wancan ni na yi."

"A san? Wa zai sani? Kai Sa'idu, a gidan nan ka tashi kuwa? Ka taɓa ganin Malam ya sa sunansa a ƙarƙashin gyara?"

"Ban taɓa gani ba. Amma ita na'urar haka aka yi ta, sai da suna."

"To ga naka nan, bai ishe ta ba? Ko dai ba ka yarda da ni ba ne, kake son ka bi sawuna?"

Wannan tambaya ita ta ɗaure ni. Yayana ne, limaminmu ne, shi ya fara ɗora ni a kan allo. Ina zan iya duban idonsa in ce e, so nake a bi sawun kowa, har ni har kai? Na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Yaya," na rufe wurin, na bar sunana. Ko minti ɗaya abin bai ɗauka ba. Sati uku na sha wuya don in sami abin da zai faɗi gaskiya, na zo a zaune ɗaya na sa shi yin ƙarya da hannuna, don kada a ce ba ni da ladabi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Daga nan aiki ya miƙa. Duk sati biyu in je da filash in kwaso gyare-gyarensa in haɗa da nawa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya gyara ne na masani, ba zan hana shi wannan ba. Sai bayan Babbar Sallah da kwana uku aka yi mani aikin yanar ido a asibiti. Nafisa, ke za ki tuna, ke kika riƙa ɗiga mani magani. Na fi wata ba na iya kallon hasken kwamfuta. Ana cikin haka Yaya ya aiko da filash ya ce ya gama, a hanzarta bugawa, don yana so a karanta littafin a taron shekara da ake yi wa Malam addu'a. Idona yana ruwa na haɗa gyaran ƙarshen ba tare da na karanta ba. Me zan karanta? Aikin Yaya ne. Na kai aka buga, aka ɗinke, muka ɗauka sai Rawayau.

Ranar taron gida ya cika, maza a waje a kan tabarmi, mata a tsakar gida suna ji ta lasifika. A lokacin Hassu ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tana karantar da matan aure a ɗakin gabas, inda manyan littattafan Malam suke. Hassu ta yi karatu, ku sani. Malam da kansa yake cewa a cikinmu ita ta fi kaifin kai. Kuma kowa a cikin gida ya san akwai layi a wasiyya da ya shafe ta, don Malam ya faɗa mata da bakinsa, ni kuma da yatsuna na buga shi: "Ɗakin gabas da littattafan da ke cikinsa na bar su a hannun Hassu, ta karantar da mata, kada a tashe ta." Yaya ya karanta wasiyyarsa, ya karanta tawa, ya wuce zuwa addu'ar rufewa. Aka shafa. Kafin mutane su miƙe sai muryar Hassu ta fito daga bakin ƙofar cikin gida.

"Yaya Liman, an tsallake wuri."

"Abin da ke rubuce na karanta," in ji shi.

"Yaya Sa'idu, kai ka buga. Ina maganar ɗakin gabas?"

Na karɓi littafin na duba, babu. Aka ce a ɗauko kundin asali. Yaya ya ɗauko ya buɗe, ganyen nan gara ta cinye rabinsa na ƙasa, ko kuma an taya ta, Allah ne masani. Ni kuwa ko gezau ban yi ba, har wani alfahari ya taso mani. Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai don irin wannan rana na sha wahala. Na ciro laftof ɗina a gaban dattawan gari, na buɗe tarihin shafin, na juya fuskar wajensu, na ce wani malamin firamare da ke wurin ya karanta da ƙarfi. Ya karanta. Ga layin nan an rubuta shi, mai rubutawa Sa'idu. Ga shi an goge shi, mai gogewa Sa'idu.

Duk idanu suka juyo kaina. Na juya na dubi Yaya, ina jiran ya ce wani abu, ko da tari ne. Sai ya gyara rawaninsa, ya yi magana a hankali, irin muryar da yake nasiha da ita.

"Jama'a, kun dai gani, ni ban san kan wannan na'ura ba. Mai yiwuwa ƙanena tausayin 'yar'uwarsa ya sa ya ƙara abin da babu, daga baya tsoron Allah ya zo masa ya cire. A yi masa uzuri."

A yi mani uzuri! Ku ji fa! Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, ya shafa mani, sannan ya tsaya a gaban jama'a yana roƙa mani afuwa! Da magana ɗaya ya mai da ni maƙaryaci sau biyu. Mutanen waje suka tafi da cewa na ƙirƙira wa Malam abin da bai faɗa ba. Hassu kuwa, da ta san Malam ya faɗa, ta tafi da cewa ni na goge. Na buɗe baki in ce ai sunana ne a kwamfutar Yaya ma, sai na ga yadda maganar za ta fito: ƙane yana tuhumar limami a gaban masu bin sa salla, ba shi da shaida sai na'urar da ta riga ta kira sunansa. Na rufe laftof na hau babur, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Washegari da safe, da hankalina ya ɗan dawo, na sake buɗe tarihin a gida. Jiya suna kawai na gani, ido ya rufe. Yau na duba abin da ke gefen sunan. An goge layin ranar Laraba, kwana uku bayan Babbar Sallah, da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci na safe. A daidai wannan sa'a ina kwance a gadon asibiti, likita yana aiki a idona, laftof ɗina kuma tana kulle a durowa a gida, makullin yana hannun uwarku. Agogon kwamfutar Yaya ni na saita shi, kuma sauran gyare-gyarensa duk sun faɗa a ranakun da suka dace. Rabin Rawayau sun zo duba ni a satin, kowa ya san ranar. Shi kansa Yaya ya zo da yammacin Larabar, da lemo a leda, ya dafa goshina ya yi mani addu'a. Da hannun da ya goge wasiyyar ubanmu da safe, da shi ya dafa ni da yamma.

Ban ko karya ba na koma Rawayau. Niyyata in tara dattawan jiya, amma na ce ba zan yi ba sai na fara sanar da Inna, don a gidanmu ba a tsallake uwa. Wannan shi ne ladabina na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Na same ta a ɗaki tana jan carbi. Na yi mata bayani a hankali har ta gane. Sai ta ajiye carbin.

"Na ji. Na kuma yarda ba kai ba ne. Tun yana saurayi yake cewa littattafan nan sun fi ƙarfin mata."

"To Inna, bari in kira mutane."

"Ka kira su ka ce masu me? Limaminsu ya goge maganar ubansa? Gobe wa zai bi shi salla? Wa zai kawo ɗansa zauren Malam?"

"Ni fa, Inna? Nawa mutuncin fa? Hassu fa?"

"Kai kana Dutsin-Ma, kana da aikinka, magana za ta wuce. Shi nan ne duniyarsa. Sa'idu, in ka buɗe baki a kan wannan yana raye, ko ga Hassu ne, ban yafe ba."

Ta sa na dafa Alƙur'ani. Na dafa ina kuka, ni da furfurata. Ba na zagin Inna, Allah Ya haskaka kabarinta, uwa ce ta ga gida zai tsage ta toshe da abin da ke kusa da hannunta. Amma ni ne abin da ke kusa, kuma ba daidai ta yi ba. Magana ba ta wuce ba, ga ta nan har ta kai kunnuwanku. Kafin damina ta faɗi Yaya ya kwashe littattafan zuwa zaurensa, ya ce matan su riƙa karatu a gidajen mazajensu. Hassu ta tattara ta koma Karofi wajen ɗanta. In na je gaishe ta sai a ce tana barci. Na aika mata da buhun masara ta sa aka dawo da shi a kan babur ɗin da ya kai. Inna ta rasu bayan shekara biyu, muka zauna makoki gida ɗaya da Hassu kwana bakwai, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Yaya kuwa, duk Sallah ina binsa a sahu, in mun gaisa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Baki ɗaya! Sau ɗaya bai taɓa cewa "Sa'idu, yafe mani" ba. Na jira har ranar da aka sa shi a makara.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗinsa na ɗauki laftof na tafi Karofi. Ban yi sallama a waje na jira a ce tana barci ba, na sa kai kawai. Na same ta a inuwar rumfa tana tsince wake, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga sati ukun nan, da maganar suna a zaure, da ranar Laraba, da Alƙur'anin Inna. Ban san abin da nake tsammani ba, wataƙila ta yi kuka ta ce in yafe mata. Sai ta ture farantin waken gefe.

"Yaya Sa'idu, shekara tara bayan kowace salla ina cewa Allah Ya isa tsakanina da kai. Kana sane ba kai ba ne, ka bar ni ina yi?"

"Rantsuwa aka sa ni, Hassu."

"Da ka je wurin Inna tukuna, ni ba ka san hanyar ɗakina ba? Ɗakin gabas taku nawa ne daga nata?"

Gaskiya ta faɗa. Na girmama Yaya, na girmama Inna, ita kaɗai ce ban girmama ba, don ita ce ƙarama, kuma ita aka cuta. Na buɗe tarihin, na nemo gyaran ranar Laraba, na mayar da shi baya. Na'urar ta nemi suna, na sa nawa, wannan karon da gaskiya. Layin ya dawo mazauninsa cikin ƙiftawar ido, harafi bai ɓace ba. Ta ce in karanta mata, na karanta. Ta ce in sake, na sake. Da na zo "kada a tashe ta" sai ta rufe fuska da gefen mayafinta, na dakata har ta gama.

Sannan ta share ido ta tambaye ni, "Yanzu me ke cikin ɗakin?"

Na ce, "'Ya'yan Yaya suna ajiye buhunan wake."

"Matan da nake karantarwa fa? Na ji Ta-Sallah ta rasu, ita da ta kusa sauka."

"Ta rasu, Hassu."

Ta jawo farantin waken gabanta, ta ci gaba da tsinta.

"To rufe abinka, Yaya," ta ce. "Ka zauna ka ci abinci kafin ka tafi."